Mota mai turbo a filin tsere: tambayoyin da aka fi yi mini, da misalin Subaru WRX STI

Tun da na fara kai motata filin tsere, kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawo mini, wasu daga masu irin motar, wasu daga samarin da suka kalli bidiyo jininsu ya motsa. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na tara su wuri guda. Motar da zan riƙa buga misali da ita Subaru WRX STI ce mai injin EJ257, lita 2.5, silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu. Ita na sani ciki da bai, ita ce kuma ta ci mini kuɗi har na yi hankali. Mai Golf GTI ko Lancer Evolution ma ba zai tashi hannu rabbana ba, don abin da ke kayar da motocin nan a fili kusan guda ne, wato zafi.

Motata lafiyarta ƙalau a titi. Me zai sa ta ba ni matsala a fili?

A titi, in ka take totur har ƙasa, kafin daƙiƙa goma ka ɗaga ƙafa, ko don tirela, ko don rami, ko don danja. Daga nan motar ta sami minti biyar tana shan iska. A fili babu wannan hutun. Ana sakin ku rukuni-rukuni na minti 15 zuwa 20, kuma duk tsawon lokacin ƙafarka in ba ta kan totur to tana kan birki. Hayaƙin inji ne ke juya turbo, na'urar da ke matsa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, yana wuce juyi 100,000 a minti ɗaya, zafin hayaƙin kuma kan kai digiri 900. Da dare in aka buɗe bonet bayan an matsa wa mota, ana iya ganin jikin turbon ya yi ja kamar garwashi. Zafin nan ba ya zama wuri ɗaya. Yana shiga baƙin mai, ya shiga ruwan lagireto, ya shiga iskar da injin ke shaƙa, kuma kowane zagaye ana ɗora sabo ne a kan wanda bai huce ba.

Wasu kan ce mini ai Subaru motar rali ce, da ita Colin McRae ya ci kambun duniya a 1995. Haka ne, amma waccan kamfanin Prodrive ne ya haɗa ta da hannu a Ingila, ana kuma kwance ta a sake ɗaurewa tsakanin gasa da gasa. Taka daga layin masana'anta ta fito, wataƙila ma ta yi shekara goma sha biyar a hannun mutum uku kafin ta iso gare ka.

Ina da ɗan kuɗi a hannu. Babban turbo zan fara saye?

A'a. STI ta fito da ƙarfin doki kusan 300, kuma sabon shiga ba ya iya cinye rabin wannan a ranarsa ta farko. Ka fara da man birki da fad ɗin birki, sai taya, sai abin da zai tsare baƙin mai, sai sanyaya. In akwai canji ka biya mai koyarwa ya zauna kusa da kai rana ɗaya. Abin da zai rage maka a lokacin zagaye ya fi abin da turbo zai rage. Na ga mutane da dama da garin neman gira suka rasa ido: an ƙara doki ɗari, birki na nan yadda yake, fistin na nan yadda yake, kafin azahar motar tana bayan motar janwe.

Wane man birki zan zuba, kuma me ya sa ake ta nanata maganarsa?

Saboda shi ne ya kusa kai ni lahira. Rana ta biyu da na taɓa shiga fili, zagaye na biyar, na fito miƙaƙƙiyar hanya ina neman kilomita 190, na iso allon da ke nuna saura mita 150 a kai kwana na taka birki, sai ƙafa ta tafi ƙasa kamar na taka soso. Na yi ta famfawa ina salati, ya ɗan kama a karo na uku, amma kwanar ta riga ta wuce ni, na faɗa cikin tsakuwar da ake zubawa a gefe don irin wannan rana. Da muka zuƙo man daga baya, launinsa kamar baƙin shayi. Garejin da ya yi mini sabis ya ce ya canja, ashe ƙari kawai aka yi a kan tsoho.

Man birki yana shan danshin iska a hankali, ruwan da ya sha kuma shi ke sauko da ma'aunin tafasarsa. Man birki mai matakin DOT 4, in sabo ne, mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda ya tafasa a kai shi ne digiri 230, amma in ya sha ruwa sai ya koma 155. DOT 5.1 kuwa 260 ne da 180. Da zarar ya tafasa, tururi ya cika bututu, tururi kuma matsewa yake yi, shi ya sa ƙafa ke nutsewa. Don fili ana amfani da irin su Motul RBF 600 wanda sabonsa ke haura 300, ko Castrol SRF wanda ko ya sha ruwa yana riƙe kusan 270, sai dai tsada. Ka zubar da tsohon gaba ɗaya, daga sabuwar gwangwani da ba a taɓa buɗewa ba, ka tsaya a kai ka gani da idonka. Kada ka kuskura ka zuba DOT 5 marar ɗigo ɗaya a baya: na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran.

Birki ya daina kamawa amma ƙafar tana da tauri. Shi ma man ne?

Wannan fad ne ya ƙone. Fad ɗin titi an yi shi ne ya kama tun yana sanyi, ba ƙara ba ƙura, in ya wuce zafin da zai iya ɗauka sai ya riƙa zamewa a kan faifai, ka ji wari kamar ana ƙona roba. Maganinsa fad na fili, ka kuma gasa shi a hankali kafin ranar, da taka birki mai ƙarfi sau takwas zuwa goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan ka yi tafiya ya huce. Kada ka shiga fili da fad ɗin da bai kai rabi ba, don siriri ya fi saurin tura zafi cikin mai.

Akwai na uku da ke ruɗa mutane. Ka fito daga kwanoni masu bin juna, takun farko ya yi nisa, na biyu ya dawo daidai. Wannan boris ɗin taya ne ke ba da ɗan wasa, faifai ya ture fad baya. STI ta 2004 ta fi fama da shi. Daga 2005 aka ƙara girman boris. Ka ɗaga motar ka girgiza taya ka ji. Direbobi da yawa kan ɗan taɓa birki da ƙafar hagu a miƙe don fad ya koma mazauninsa kafin kwana.

Bayan na dawo sitiyari na rawa in na taka birki. Faifan ya lanƙwashe ne?

Sau da yawa ba lanƙwasa ba ce, fad ne ya bar tabo a jikin faifai saboda ka tsaya da shi yana tururi ka danne birki ko ka ja hambirki. In ka shigo, ka sa giya ka kashe, ko a sa wa taya dutse. Hambirki ya huta sai komai ya huce.

Baƙin mai fa? Wane iri, kuma zafi nawa ne ya yi yawa?

Kamfani 5W-30 ya rubuta. Yawancin masu kai EJ257 fili suna komawa 5W-40 na sintetik mai kyau, don ba ya tsinkewa da wuri in ya ji wuta. Injin lita huɗu da 'yan kai kawai yake ɗauka, ƙarami ne ga aikin da ake ba shi. Ka sa geji biyu da motar ba ta zo da su ba: na zafin mai da na matsin mai. Ni ƙa'idata ita ce, har digiri 120 ina tafiya, in ya taɓa 130 na sassauta zagaye ɗaya ko biyu, in bai sauko ba na fita. Wanda ke kai wa nan kullum yana bukatar ƙaramin lagireton baƙin mai, mai tamostat, a gaba inda iska ke dukansa. Matsi kuwa, tsohon lissafin makanikai shi ne kusan psi 10 ga kowane juyi 1,000.

Ka zaro sandar auna mai kafin kowane shiga, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ya kasance a layin sama. Injin turbo na shan mai a fili fiye da yadda yake sha a wata guda na zirga-zirgar gari.

Abokina injinsa ya buga a tsakiyar doguwar kwana, alhali mai cike yake. Ta yaya?

Ka ɗauki kwanon sha da ruwa rabi ka yi juyi da shi da sauri, ka ga inda ruwan ke taruwa. Haka baƙin mai ke yi a kwanon ƙasan inji. Da taya mai kama ƙasa sosai, a doguwar kwana man kan hau bango guda, kuma tun da silindojin Subaru a kwance suke, wani ma sai ya maƙale can cikin kan injin da ke ɓangaren waje ya ƙi dawowa. Bututun da ke zuƙo mai ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ko uku ana juyi 6,000, mital ɗin kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, ya bushe, shi ke nan. Jar fitilar mai ta dashbod ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa ƙaf, don haka in ka gan ta, ta'aziyya ta zo yi maka.

Injin EJ yana da wani ciwon kuma: shi kansa bututun zuƙo man yakan tsage a wajen haɗinsa. Nawa da muka sauke kwano muka haska da tocila, tsagar ba ta fi silin gashi ba, ta zagaye kusan rabin wuyan. Saura ƙiris ya rabu. Ana sayar da mai kauri daga kamfanoni irin su Killer B da IAG, tare da farantin da ke hana mai yawo da kwano mai ɗaukar ƙari. Kuɗinsu bai kusa na sabon inji ba. Duk wanda zai sa taya mai laushi, wannan aikin ne farko.

Mece ce ƙwanƙwasa, kuma daidai take da bugawar inji?

Ba daidai suke ba, kodayake ɗaya kan jawo ɗaya. In Bahaushe ya ce inji ya buga, mital ya tafi ke nan. Ƙwanƙwasa kuwa a cikin silinda take faruwa: fulogi ya kunna wuta, kafin wutar ta gama cin cakuɗen fetur da iska a tsanake, sai ragowar da ke gefe ta fashe da kanta saboda zafi da matsi. Fashewar na dukan fistin kamar guduma. A motar gida kana jin ta kamar tsakuwa a gwangwani in ka hau tudu da babbar giya. A fili, da hular kwano a kai da ƙarar salansa, ba za ka ji komai ba.

Fistin ɗin EJ257 na zubi ne, ba na ƙira ba. Duk wanda ya san bambancin tukunyar zubi da fartanyar maƙeri ya gane zancen: zubi yana da tauri amma ba ya jure duka, tsagewa yake yi. Inda yake tsagewa shi ne siririn ƙarfen da ke raba ringi da ringi, kuma silinda ta huɗu ce ta fi yawan tafiya don ta fi sauran zafi. Alamunsa: shan mai ya ƙaru, hayaƙi shuɗi, inji na karkarwa a tsaye, wani lokaci kwamfutar motar ta jefa lambar kuskure P0304. Gwajin matsin silinda ne ke yanke hukunci. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, a yi gwajin yoyon iska a gano ta ina take fita. Ka yi wannan gwajin kafin ka sayi motar, ka kuma maimaita shi farkon kowace kakar tsere ka rubuta lambobin.

Kwamfutar motar tana jin ƙwanƙwasa ta wata sensa da ke saman inji, ta kuma janye lokacin wuta don kare kai. Da na'ura irin Cobb Accessport ana ganin wannan a allo. Lambar da ake kira DAM ta zauna a kan 1. In ta fara sauka, motar tana gaya maka akwai abin da bai yi mata daɗi ba, ka fita ka bincika.

Wane fetur ya kamata?

Wanda aka yi saitin motar a kansa, ko wanda ya fi shi. Oktan shi ne ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa. Motar da aka saita a Turai a kan 98 ko a Japan a kan 100, in aka zuba mata na ƙasa da haka aka matsa mata, an ɗaura wa fistin aure da guduma. Wannan ya shafi duk wanda ya shigo da irin motar nan Najeriya ko Nijar, inda ba a rubuta lambar oktan a jikin famfo, ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai. Abin yi shi ne a sauko da saiti: a rage matsin turbo, a janye lokacin wuta, a saita ta a kan fetur ɗin da za ta sha da gaske. Ƙananan kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota, yawancinsu abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Na 'yan bumburutu kuwa kada ma ya kusanci tankin.

Na canja salansa da bututun shan iska. Dole ne sai an sake saiti?

Dole ne. Kwamfutar tana auna iska ne da sensar da ke cikin bututu mai wani faɗi sananne. Ka canja faɗin, lissafinta ya karkace, ta ba da fetur ƙasa da bukata. A tafiyar yau da kullum ana son iska 14.7 ga fetur 1, amma in turbo ya cika ana son wajen 11 zuwa 11.5, don ƙarin fetur ɗin shi ke sanyaya silinda. In ya yi ƙaranci, ƙwanƙwasa ta samu ƙofa.

Buɗaɗɗiyar salansa ita ma tana da nata. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin turbo, wesget, da ke karkatar da hayaƙi in matsi ya kai inda aka tsara, kusan psi 14.5 a STI ta asali. In hanyar fita ta buɗe sosai, ramin ƙofar kan yi kaɗan, matsi ya yi ta hawa a manyan giyoyi har kwamfuta ta yanke mai ta jefa P0244. Ana faɗaɗa ramin ko a sa ƙofa ta waje. Ka gaya wa mai saiti cewa fili za ka, ka ce ya bar maka rata. Lambar ƙarfin doki da ta fi kyau a takarda, a gwajin daƙiƙa goma ake samun ta da fanka a gaba, ba a zafin fili ba.

Abin nan mai yin “tsss” in an canja giya, wanda samari ke mutuwar so, a wannan motar iskar da aka riga aka auna yake zubarwa waje, fetur ya yi yawa, wani lokaci ta mutu a danja. Bar na kamfani.

Zagaye uku na farko tana tashi kamar aljana, daga nan ta yi laushi. Me ke faruwa?

Intakula ta ƙoshi da zafi. Iskar da turbo ya matse zafi take yi, intakula ce ke sanyaya ta kafin ta shiga inji. A STI tana zaune ne a saman inji, ƙarƙashin hancin nan na bonet, kusa da turbon kansa. In kana bin bayan wata mota ko ka daɗe a layin jira, sai ta zama kamar murfin tukunya. Kwamfuta ta ji alamar ƙwanƙwasa ta janye wuta, ƙarfi ya ragu. Duba robar da ke haɗa hancin bonet da intakula ko ta yage, ka miƙar da haƙoran da suka lanƙwashe, ka rufe turbo da garkuwar zafi. Wasu ƙirar STI sun zo da abin fesa mata ruwa daga masana'anta. Mayar da ita gaba yana magani, amma tana tare wa lagireto iska, sai ka toshe nan can ta ɓalle.

Tudu ma na ƙara wahala. A filin tseren Kyalami kusa da Johannesburg, mai tsayin kusan mita 1,500 daga teku, iska ba ta da kauri, turbo sai ya ƙara gudu kafin ya kawo matsin da ya saba, iskar kuma ta fi zafi. Wanda ya san yadda mota ke numfashi a Jos ya ɗan ɗanɗana.

Makanikina ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye. In yarda?

Kada ka yarda, ko da Oga ne da ka shekara ashirin kana kai masa mota. Tamostat mai lafiya a buɗe yake in inji ya yi zafi, cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma. Abin da zai jawo shi ne inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba. In tana zafi a fili, duba murfin lagireto, duba ko iska ta maƙale a ciki, wanke ƙurar hunturu da ƙwarin da suka toshe haƙora, toshe gefuna don iska ta bi ta ciki. Lagireton kamfani kansa na roba ne, in ya tsufa yakan tsage. Na alminiyom ya fi. Ruwan rijiya ko na burtsatse na barin gishiri a ciki, a yi amfani da tataccen ruwa da maganin hana tsatsa. In kuwa tana tura ruwa cikin robar ajiya sai in turbo ya cika kawai, gaskit ɗin kan inji ya fara ba da hanya.

Ina cikin gudu na ji “fuf”, ƙarfi ya ɗauke, baƙin hayaƙi ya biyo baya.

Albishirinka, wannan mai araha ne: tiyon iskar turbo ya fita. Mayar da shi, goge man da ke bakinsa, sa kilif mai noti. Ƙaramin yoyo ya fi wuyar kamawa. Ana toshe bakin turbo da murfi, a hura iska kamar psi 15, a bi mahaɗai da ruwan Omo a kwalbar fesawa. Inda ya yi kumfa, nan ne. In ka ga baƙin mai kwance cikin bututun, tururin inji ne ke dawowa, yana kuma rage wa fetur juriya. Ana sa gwangwanin da ke raba mai da iska.

Tana yankewa in na fito daga kwana, ko in turbo ya cika.

In a kwana ne kuma tanki ya yi ƙasa, fetur ne ya gudu gefe famfo ya zuƙi iska. Yana da haɗari don silinda na bushewa ana tsakar aiki. Kada ka bari ya sauka ƙasa da rabi. In a miƙe ne daidai lokacin da matsi ya cika, fara da fulogi. Matsi mai yawa na hure tartsatsi. A rage ratar bakinsa zuwa kusan milimita 0.7, motar da aka ƙara wa ƙarfi kuma a sa mata mai sanyi da mataki ɗaya, a lissafin NGK daga 6 zuwa 7. In bai daina ba, a sauya wa koyil wuri a ga ko matsalar ta bi shi.

Iska nawa zan sa wa taya?

Da zafinta ake aunawa. Taya kan ƙara psi 5 zuwa 8 cikin 'yan zagaye, don haka a fara ƙasa kaɗan da na titi, a shigo a auna nan take, a rage har ta zauna wajen 34 zuwa 36, gwargwadon irin tayar. In kafaɗar waje ce ke cinyewa, a ƙara wa tayoyin gaba karkata ciki, digiri 2 zuwa 3. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko zanenta na nan ta bushe. Noti kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi, bayan ya huce, a kan abin da littafin motar ya ce. Salon mai faci na hawa kan sifana da ƙafa yana tsalle shi ke miƙar da ƙusa har ta karye. Kafin ka kama hanyar gida ka mayar da iskar da ka rage.

Sai na bar ta tana aiki kafin in kashe?

Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali, babbar giya, ba birki sosai. Ya fi tsayuwa wuri ɗaya amfani don iska na ratsa komai. Ka shigo, minti biyu, ka kashe, ka buɗe bonet. Turbon STI ruwa na ratsa shi, yana ci gaba da zagayawa da kansa bayan an kashe. Wani abin da kan kashe turbo a injin nan wata 'yar raga ce a cikin notin bututun mai, wadda datti ke toshewa turbo ya rasa mai. Ka sa a duba ta, musamman in P0011 ko P0021 ta bayyana.

Kayan kariya fa?

Hular kwano mai shaidar Snell ko FIA, wadda ta kama kai ba ta rawa. Abin kashe gobara a ɗaure da maƙalin ƙarfe inda hannu zai kai. Ƙugiyar ja gaba da baya. Fitar da tabarmar ƙafa, kwalabe, carbi da turaren da ke rataye, duk abin da zai iya shiga ƙarƙashin birki. Bel ɗin tsere mai igiya huɗu ko shida ba ya tafiya shi kaɗai. Sai da kujerar da ta dace, da ƙarfen kariya, da abin riƙe wuya. In babu su, bel ɗin kamfani ya fi aminci. Ka san tutoci tun a gida: rawaya a sassauta ba wucewa, ja a dakata, baƙa kai ake kira, rawaya mai ratsin ja ƙasa na da santsi. A Ingila filaye da yawa na auna ƙarar salansa kafin a bar ka ka shiga, iyakar kan faɗa tsakanin desibel 98 da 105.

Inshora za ta biya in na yi karo?

Ta yau da kullum kusan kullum ta cire filin tsere, karanta takardarka. A filin tseren Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, wanda ya daki shinge shi ke biyan gyaransa da kuɗin janwe.

Babu fili kusa da ni. In gwada a titin bayan gari da asuba?

A'a. Abin da ya sa na tsira ranar da birki ya ɗauke shi ne tsakuwar da ke jira na, da hanya mai fuska ɗaya, da motar asibiti a bakin ƙofa. A titin bayan gari abin da ke bayan kwana mai kura ne, ko garken shanu, ko almajiri da kwanonsa. Wasan mota a wajen biki ya sha mayar da gidan buki gidan makoki, kowa ya sani.

Na dawo gida lafiya. Me ya rage?

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka shirin fita ta gaba yau yake farawa. Cire tayoyi, duba kaurin fad ciki da waje, don na ciki kan riga cinyewa. Ƙananan zane a fuskar faifai ba komai, amma tsagar da farce ke maƙalewa a ciki ko wadda ta kai baki, faifan ya gama. Fitar da ɗan man birki daga kowace taya. Man giya da na difaransha, 75W-90, a riƙa canja su da wuri fiye da yadda littafi ya ce. Bel ɗin tayimin, in ba ka san ranar da aka sa shi ba, canja shi, don in ya tsinke a injin nan fistin da bawul gaisawa suke yi.

Sai juyen baƙin mai. Ni bayan kowace fita biyu nake yi, in ta yi zafi sosai bayan ɗaya. Tari man a kwano mai tsabta ka kai shi rana ka karkata. Yanka filta da abin yanka bututu, ba da zarto ba don kada garinsa ya ruɗe ka, ka warware takardar ciki ka duba lungunanta. In ka ga ƙyalli kamar garin tagulla, mital ne ya fara ci. Kada ka sake kunna ta, a ɗora ta a bayan mota a kai gareji a sauke kwanon ƙasa.